Daga Akwatin Gida Zuwa Kundin Aji

Ajinmu ya yanke shawara cewa kowa in ya je hutu ya dawo da wani rubutu daga gidansu, a haɗa su kundi guda, a buga a fotokwafi, kowa ya samu nasa. Tun ba a tafi hutun ba gardama ta tashi. Da wace ƙa'ida za a rubuta? Sunan wa za a sa bisa kowane labari? Me za a fitar, me za a bari cikin akwati? To ƴan'uwa, waɗannan tambayoyi ba mu muka fara yin su ba. Yau fiye da shekara 160 ke nan ana ɗaukar maganar Hausawa daga bakinsu ko daga takardunsu ana zubawa cikin littafi, kuma kowane mai tattarawa ya amsa su ta hanyarsa. Ya kamata mu san yadda suka yi kafin mu taɓa takardun iyayenmu.

Abin da ke cikin akwatin

Ɗan Ibohamane, ko Keita, ko Buza, ko Madawa, in ya buɗe akwatin tsofaffi zai iya tarar da rubutu har iri biyar: Larabci, ajami, tifinag, Faransanci da boko. Kowane ɗaya da hanyar da ya biyo ya shigo gidan.

Larabci da ajami sun zo ta hannun malamai, kuma ƙasarmu ba baƙuwar ilimi ba ce. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Malam Jibrila ɗan Umaru, wanda Shehu ya bi har Agadas don ya yi karatu wurinsa, sunansa haɗe yake da ƙasar Adar. Tifinag kuwa na Abzinawa ne, kuma zamansu cikinmu ya daɗe: a 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar da yaƙi, Lisawan na cikin waɗanda suka zo tare da shi, kuma zuriyarsu ce ta riƙe sarautar Keita daga baya. Wanda ke son wannan tarihi dalla-dalla sai ya nemi littafin Farfesa Djibo Hamani na 1975 kan Adar kafin zuwan Nasara, mutumin da jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa yau.

Faransanci ya shigo da bindiga. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, bayan ƴan shekaru kaɗan kuma Adar duka ta koma hannun kumandan. Lakkwal ɗin da suka buɗe Faransanci zalla ake yi cikinta. Shi ya sa takardar lanho, da takardar haihuwa, da ta soja, duk da Faransanci za ku same su, ko da mai su bai taɓa jin kalma guda ta harshen ba. A ƙetaren iyaka kuma Ingilishi sun ɗauki wata hanya, suka sa Hausar boko cikin makarantunsu. Mu nan boko ya iso gidajenmu a makare, ta hanyar yaƙi da jahilci na bayan samun mulkin kai a 1960, da littattafan da ƴan ci-rani ke sayowa daga Sakkwato da Kano.

Galibin abin da za mu samu wasiƙu ne, don Adarawa mutanen tafiya ne. Da an gama girbi sai samari su kama hanyar Kurmi: Kumasi, Akra, Abijan, Legas, daga baya kuma Libiya. Akwai kuma takardun gona, da kaye na biki inda aka jera wa ya kawo nawa, da ƴan layukan da malami ya rubuta a bayan littafinsa ranar da aka yi masa haihuwa ko rasuwa.

Waɗanda suka riga mu

Mu fara da ɗan ƙasarmu. Dorugu yaro ne daga Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, Bajamushe Overweg ya ƴanta shi a Barno, ya yi wa Heinrich Barth hidima har Tumbutu, sannan ya bi shi Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön, ya riƙa ba shi labarin iyayensa, da yadda aka kama shi, da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. Da wannan Hausa ta bakin yaron Schön ya gina nahawunsa na 1862, kuma a 1885 ya fitar da littafin Magana Hausa. Labarin na Dorugu ne, harshen nasa ne, amma a kowane ɗakin karatu ƙarƙashin sunan Schön za ka nemi littafin. Dorugu ya dawo Afirka, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912.

Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, a birnin Belfas. Tushen aikin takardun ajami ne da malamai suka rubuta, da yawansu a ƙasar Sakkwato, waɗanda Razdan Burdon ya tara ya miƙa masa. Edgar ya juya su zuwa boko. Aikin ya yi amfani ƙwarai, don ba don shi ba da yawancin labaran nan sun bi iska. Amma mai karatu yau sunan Edgar ya sani. Tsofaffin da suka faɗa wa malaman labaran kuwa, babu mai kiran sunansu.

A shekarar 1913 ɗin nan dai Rattray ya fitar da nasa a Ingila, wanda ya tattara a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Shi ya yi abu biyu da ya kamata mu lura da su. Ya bayyana sunan wanda ya rubuta masa, Malam Shaihu, kuma ya buga ajamin tare da juyinsa na boko. Saboda haka duk mai shakkar wata kalma yana iya komawa ga asalin ya duba da idonsa.

Ta ɓangaren Faransa, tawagar Tilho da ta shata iyakar Nijar da Najeriya daga 1906 zuwa 1909 ta zo da tafinta mai suna Landeroin. Ya zauna da sarakuna da dattawa ya rubuta tarihin ƙasashe da dama. Maganar da Hausa aka yi ta, rubutun da Faransanci ya fito. Irin wannan ta faru da Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zariya a ƙarshen 1949 da farkon 1950. Littafin ya fito da Ingilishi a 1954, bayan Baba ta rasu. Duniya ta karanta ta, amma matan da suka yi zaman gida ɗaya da ita ba za su iya karanta wannan bugu ba.

Misali na ƙarshe shi ya fi kama da namu. Rubuce-rubucen Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, a gidan zuriyarta suka zauna fiye da shekara 100, gidan Wazirin Sakkwato. Waziri Junaidu ne ya buɗe wa Jean Boyd ƙofa ta gan su, kuma a 1997 ita da Beverly Mack suka buga su a kundi ɗaya. Takardun sun tsira ne don gidan ya riƙe su, kuma sun fito ne da yardar masu gidan. A Yamai ma Boubou Hama, lokacin yana shugaban majalisar dokoki, ya bi gidajen malamai yana tara littattafai, waɗanda suka zama tushen sashen rubutun Larabci da ajami na IRSH, inda yau ake ajiye da kimanin 4000.

In kun duba waɗannan misalai, abin da ya fi saurin ɓacewa tsakanin baki da littafi shi ne sunan mai magana. Bayansa sai irin Hausarsa. Yanzu mu ne a mazaunin Schön da Edgar, sai dai waɗanda za mu ɗauko maganarsu iyayenmu ne, kuma za mu koma mu ci tuwo da su.

Ƙa'idar rubutu ma tana da tarihi

Wasu cikinmu na cewa a mayar da komai kan daidaitacciyar Hausa, a huta. Kafin mu yarda, mu tambaya: daidaitacciya ta wace shekara? Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a ƙarshen shekarun 1930 suka zauna, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 ta yaɗa su.

A 1966 UNESCO ta kira taro a Bamako kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, inda aka ba da shawarar a riƙa nuna dogon wasali ta hanyar ninka shi. Nijar ta bi, Najeriya ba ta bi ba. Shi ya sa jaridun yaƙi da jahilci na wancan zamani ke da sunaye irin su Gangaa, da Saabon Ra'ayii ta nan jihar Tawa. In kun samu kaye na babanku ko innarku cike da aa da ii da uu, kada ku ce bai iya rubutu ba. Daidai yadda mushensa ya koya masa ya rubuta, kuma wannan ninkin kaɗai ya isa ya nuna muku zamanin takardar. A 1980 aka yi wani taron a Yamai don a daidaita rubutun ƙasashen biyu, daga nan aka bar ninka wasali. A watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da muke aiki da ita yanzu, mai harafin ƴ, inda maƙwabtanmu ke sa y da ɗan waƙafi a gabansa. Ga shi kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da zai ƙara wa maganar daidaitawa ƙarfi.

Ajami shi ma da nasa tsarin. Malamanmu ƴan Warshu ne, rubutunsu na Magariba ne: fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a bisa. Wanda ya saba da bugun Masar ko na Saudiyya zai iya karanta ƙaf a matsayin fa, ya ɓata kalmar gaba ɗaya. Wasalin e da ɗigon imala ake nuna shi, o da u kuwa sau da yawa alama ɗaya suke rabawa, sai ma'ana ta raba su. Amma akwai inda ajami ya fi boko: yana nuna dogon wasali. Duk wanda ya juya ajami zuwa bokon yau, to ya sani ya zubar da wani bayani da marubucin ya sa da hannunsa. Dalili ke nan da ya sa hanyar Rattray ta fi, a buga hoton asalin kusa da juyin.

Adaranci ba kuskure ba ne

Daidaitacciyar Hausa kan Kananci aka gina ta. Mu kuwa a gida cewa muke hwari, tahi, zamna, amre, biyat, gidanai, shina, munka, sunka. Bernard Caron ya rubuta littafi sukutum kan Hausar Adar a 1991, don ya ga tana da nata tsari cikakke.

Ga misali guda da ya kamata ɗaliban harshe su riƙe. Ba'adare zai ce: bara yat tahi Kurmi. A daidaitacciya sai a rubuta: bara ya tafi Kurmi. A rubutun Kano, ya na cikin wannan jimla da ya na cikin Audu ya tafi kamarsu ɗaya a takarda, alhali a baki ɗaya gajere ne ɗaya dogo, kuma aikinsu a nahawu daban. Adaranci yana nuna bambancin a fili da ninka baƙi: yat tahi, yaz zo, tac ce. In muka goge wannan da sunan gyara, mun goge shaidar da masu nazarin tarihin Hausa ke nema ido rufe, don karin harshen yamma ya riƙe tsofaffin siffofi da dama da Kananci ya saki. Ban da wannan ma, tsohuwar da za a karanta wa labarinta da bakin Kano za ta ce wannan ba maganata ba ce, kuma ta yi gaskiya.

Akwai mai cewa ɗan Damagaram ko ɗan Zariya zai sha wuyar karantawa. Maganarsa abin dubawa ce, amma maganinta mai sauƙi ne. Gabatarwa da bayanin da mu ɗalibai za mu rubuta su bi ƙa'idar 1999. Maganar mai labari a bar ta yadda ta fito, a sa ɗan jerin kalmomi a ƙarshen kundin. Kalmomin da muka aro daga Faransanci da Tamajak ma a bar su, lakkwal ta zauna lakkwal, don su ma tarihi ne.

Kwanan wata da lissafin kuɗi

Yawancin takardun gida ba su da shekara, ko suna da ita ta hijira. Lissafin kusa shi ne a ninka shekarar hijira da 0.97 a ƙara 622. Shekarar 1404 za ta ba ku wajen 1984. Wasu malamai da ramzi suke rubuta shekara, wato da haruffa, kuma bisa lissafin Magariba shin 1000 ne, ra 200, sin 300. Wanda ya yi amfani da lissafin Gabas zai fito da wata shekara daban.

Inda babu ko wannan, sai a bi sunan shekara. Yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba ake ce mata. Ta 1984 wurare da yawa da sunan Buhari ake kiranta, don ta zo daidai lokacin da ya rufe iyakar Najeriya. Wasiƙar da ke maganar kora daga Gana tana nuni ga ƙarshen 1969, ta kora daga Najeriya kuma 1983 ko 1985. In an ambaci fam da sule daga Kano, to kafin 1973 ne, shekarar da naira ta shigo. In ana kukan faɗuwar sefa, Janairun 1994 ne ko bayansa kaɗan.

Kuɗi ma akwai tarko. Mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Wanda ya rubuta na aiko da ɗari, faran 500 yake nufi, jikka kuma faran 1000. Mai karatu daga ƙetaren iyaka ba zai gane ba sai an yi masa bayani a ƙasan shafi.

Kada kuma mu ce sai abin da ke kan takarda kaɗai. Da kasat ta shigo, ƴan ci-rani da yawa sun bar zuwa wurin mai rubuta wasiƙa, suka koma aiko da murya, kamar yadda ake yi yau a WhatsApp. Ga kuma aikin gyaran ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO. Rahotanninsa sun cika ofisoshi da harsunan Turai, amma mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsun nan a ka, ana biyansu da abinci. Nasu bayanin yana bakinsu har yanzu. Wanda gidansu babu akwatin takardu, ya zauna da innarsa ya ɗauki muryarta, ya rubuta yadda ta faɗa, ya sa sunanta in ta yarda.

Abin da ba namu ba ne mu fitar

Nan ne wurin da ya fi haɗari. Wasiƙa tsakanin mutum biyu aka yi ta. Cikinta akwai bashi, akwai saki, akwai ƙorafin uwar miji, akwai sunan maƙwabcin da jikokinsa ke zaune kusa da mu yau. Fotokwafi kuwa ba ta da linzami, kwafi 30 na aji za su iya zama hoto a salular mutum 300 kafin sati ya zagayo.

Abu biyu sun fi sauran nauyi. Na farko takardun gona. Tun dokar ƙasar noma ta 1993 da kwamitocin da ke yi wa gonaki rajista, tsohuwar takarda mai sunayen shaidu na iya zama hujja gaban sarki ko alƙali. A kwarin Ibohamane, inda ƙasar noman rani ke da tsada, buga irin wannan na iya tada rigimar da dattawa suka binne. Na biyu maganar asali. An haramta bauta da dokar hukunci a 2003, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci kan shari'ar da ta taso daga yankin Ƙonni. Ke nan abin bai yi nisa ba. Kalma ɗaya a tsohuwar takarda da ta kira wani gida da sunan bayi tana iya hana wata yarinya aure bana. Tarihin bauta ya wajaba a rubuta shi, amma ba da sunan gidan da bai ba mu izini ba. Laya kuma, in an same ta a naɗe, a bar ta a naɗe.

Saboda haka ga abin da nake ba ajinmu shawara. Kowane rubutu ya zo da ɗan bayani a kansa: wa ya faɗa, wa ya rubuta, a ina, wajen wace shekara, wa ke riƙe da asalin. A nemi izinin mai takarda da baki, a karanta masa abin da za a buga tun daga farko har ƙarshe kafin a kai wurin mai fotokwafi. In ya ce a cire suna a cire, a kuma nuna wa mai karatu cewa an cire. Kada asali ya bar gida, a ɗauki hotonsa da salula a inuwa, a mayar da shi inda yake, nesa da gara da ɗigon damina. Duk inda muka kasa karanta kalma mu bar gurbi da alama, kada mu cika da zato. Sunan ɗalibi ya zo a ƙasa a matsayin wanda ya kwafa. In an gama bugu, kowane gida da ya ba da takarda a kai masa kwafinsa, a zauna a karanta wa waɗanda ba su karatun boko.